Wa Zai Raɗa wa Gizo-gizo Suna?



Mun san wasu sun yi murmushi da suka ji abin da za mu yi magana a kansa. Gizo-gizo? Wanda ake kakkaɓe yanarsa da tsintsiya? To, a yi mana haƙuri kaɗan.

Mu Hausawa kusan da suna ɗaya muke kiransu duka, in aka ɗebe tautau. Masana kuwa, a shekarar 2022 lissafinsu ya kai iri 50,000. Namu na yau su ne masu saƙa yana zagayayyiya kamar faifai, zaruruwa na fitowa daga tsakiya kamar sifokin keke. Cikinsu har da masu zare ruwan zinariya, irin wanda aka laƙaba wa sunan ƙasar Sanagal.

Rarrabe su aiki ne mai cin rai, domin launi ba shaida ba ne. Sai an sa balagagge a ƙarƙashin madubin ƙara girma, an duba gaɓoɓinsa na haihuwa, sannan a san irinsa. Wanda aka fara siffantawa kuma a ajiye shi cikin kwalbar sifirit, duk mai gardama ya je ya gwada nasa da shi. Babbar matsala ita ce namiji: a wasu irin ɗan mitsitsi ne, in ka gan shi kusa da tamatar sai ka ɗauka ƙwaron da ta kama ne. A tatsuniya mu muka aura wa Gizo Ƙoƙi, alhali kuwa ko dangi ba su haɗa ba. Masanan Turai na dā akasin haka suka yi ta yi, watau su raba miji da mata, kowa da sunansa dabam.

Ga misalin jinkirin aikin. A 1978 aka kama wata tamata a Afirka ta Kudu, aka ajiye a Firitoriya. Sai a 2000 Matjaž Kuntner, mutumin Sulobeniya, ya gan ta, ya gane ba ta da suna. Aka yi ta nema a daji, ba a dace ba. Ta biyun ma cikin kwalba aka same ta, a birnin Biyana. Sai a 2009 shi da Jonathan Coddington suka raɗa mata Nephila komaci. Jama'a, wannan fa ba ƙaramar halitta ba ce, faɗin ƙafafunta ya kai wajen santimita 12, amma shekara 31 tana jiran suna. Ina ga ƙanana?

Abin da ke damunmu shi ne, galibin kwalaben shaidar nan suna Faris, da Landan, da Balin, da Tervuren ta Beljiyam, inda aka kwashe su zamanin mulkin mallaka. Ɗalibin Zariya ko Yamai da ya kama gizo-gizo a gonar auduga, kafin ya tabbatar da sunansa sai ya nemi taimako daga ƙetare. Kurmi kuwa ana ta sara, maganin feshi na kashe waɗannan masu cinye mana ƙwarin gona, wasu su ƙare tun ba a rubuta su ba.

Saboda haka muna roƙon masu tafiya hutu da ma'aikatan gona: a riƙe kwalba da sifirit, a rubuta gari da kwanan wata da fensir, a jefa takardar ciki. In an kama babbar, a duba gefen yanar. Ɗan ƙaramin nan da ke maƙale can, mai yiwuwa shi ne mijin, a haɗo da shi.