Ranar da motata ta kusa ƙonewa a hanyar Kano

Ga waɗanda data ta hana su sauraro, ga shirin wannan makon nan a rubuce kamar yadda muka saba. Yau dai kaina zan tona wa asiri.

Waɗanda suka san ni a cikin garin Katsina sun san ni da wata baƙar BMW 330Ci mai ƙofa biyu, ƙirar 2004, wadda masu harkar ke kira E46. Injinta M54 ne, silinda 6 a jere, lita 3, ƙarfin doki 231. Tokumbo na saye ta, da kuɗin da na shekara uku ina tarawa. Ranar da na shigo da ita gida, Baba ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Wannan ina za ka sa buhun masara?" Bai ƙara cewa komai ba.

To, kun san halin yaro da sabuwar mota. Ban fara da duba lafiyarta ba, kwalliya na sa a gaba. Na cire rim ɗinta na inci 17 na sa na 19, na sa aka rage mata tsayi, aka yanke salansa, aka cire abin nan da muke kira indomi. Na kuma cire akwatin matatar iska na sa irin buɗaɗɗiyar nan mai kama da mazurari. In na taka ta a IBB Way da daddare, sai kowa ya waiwayo. Ni a lokacin gani nake na gama haɗuwa.

Ana cikin haka sai na lura ruwan lagireto yana raguwa kaɗan-kaɗan. Na kai wa wani bakanike, ba zan kama suna ba. Ya ce, "Oga, motar Turai ce, don ƙasar sanyi aka yi ta, a cire tamostat kawai." Na ce a cire. Ya cika ta da ruwan bohol, na biya, na tafi ina murna. Yoyon kuwa ko neman inda yake ba mu yi ba.

Cikin azumin 2024, ƙarshen watan Maris, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, na ɗauki abokina za mu Kano. Mun wuce Rimi, mun wuce Charanchi, allurar zafi tana tsaye cak a tsakiya. Muna dab da Kankia sai na ga ta yi tsalle ta shige ja, tururi na fita ta gefen bonet. Wallahi gabana ya faɗi. Na gangara gefen titi na kashe inji nan take.

Abokina ya ce, "Kai, mu lallaɓa mu ƙarasa cikin gari mana, saura kaɗan." La'asar ta yi, ga ƙishirwa, kuma ba wanda ke son dare ya same shi a hanya. Saura kaɗan in yarda. Sai na kira wani dattijon bakanike, abokin Baba. Ya ce, "Yaro, kada ka tayar da ita. Kada ka buɗe murfin ruwa, zai ƙona maka fuska. Kada kuma ka watsa wa inji ruwan sanyi. Nemi janwe." A bakin titi muka sha ruwa ranar, da dabinon da wani direban tirela ya ba mu.

Washegari a garejinsa ya nuna mini abin da ya faru. Tankin robar da ke jikin lagireto ne ya tsage. Roba ce mai shekara 20, ta sha zafi ta bushe, yoyon da na raina daga nan yake. Ya ce injin nan gaba ɗaya na alminiyam ne, da na tuƙa shi kilomita biyu ko uku babu ruwa, top silinda ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, wani lokaci har zaren kusoshin da ke riƙe kan injin ya zame. Daga nan sai maganar sabon inji, ni kuma ko rabin kuɗinsa ba ni da shi. Ya gwada matsin kowace silinda, duk shida suka fito lafiya. Sai a lokacin na iya numfashi.

Yauwa, ga abin da na koya, ku riƙe.

Allurar zafin motar nan ba ta nuna kowane motsi. Tana zama a tsakiya tun daga kusan digiri 75 har ya wuce 110, in ka ga ta motsa to an riga an yi nisa. Yanzu ina da 'yar na'urar ELM327 da nake soka wa a ramin OBD2 ƙarƙashin sitiyari, tana turo mini ainihin zafin a waya. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan ramin.

Cire tamostat ba magani ba ne. Aikinsa shi ne ya kai inji zafin da aka tsara masa ya riƙe shi a nan. In babu shi, da safe inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, kowa ya san abin da lita take nufi. Ruwan bohol kuma yana barin tsatsa da ƙasa-ƙasa cikin lagireto. Kulant ake sawa, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir.

Mun canza komai lokaci guda: tanki da murfinsa, famfon ruwa, tamostat, tiyo na sama da na ƙasa, da lagireto. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano muka samo. Dattijon ya hana ni sayen kayan Beljiyam a nan ɓangaren, ya ce tsohuwar roba ko daga Jamus ta zo tsohuwa ce. Bayan an haɗa sai da ya kunna hita har ƙarshe, ya sassauta ɗan dunƙulen fitar da iska har ruwa ya fito babu kumfa. In iska ta maƙale a ciki, sabbin kayan ma zafi za su yi.

Kwalliyar tawa fa? Na'urar ta nuna P0171 da P0174, wato iska ta fi mai yawa. Robar da ke kai iska cikin inji ta tsage, ƙurar hunturu kuma ta bi ta buɗaɗɗiyar matatar nan ta ɓata sensar auna iska. Na mayar da akwatin asali. Rim 19 biyu sun lanƙwashe a ramuka, cikin motar kuma kullum yana gogar bam, har na daina shiga wasu lungunan Ƙofar Marusa. Na koma 17, na ɗaga ta yadda take. Indomi kam ya tafi, ashe akwai ƙarafa masu tsada a ciki irin su filatinam, shi ya sa wanda ya cire mini bai ko ce in biya kuɗin aiki ba. Salansa kuwa na gyara ne bayan wani maƙwabcinmu mai jinyar mahaifiyarsa ya zo har gida ya yi wa Baba magana. Kunyar ranar ta fi ta bakin titi.

Motar tana nan, ta fi da lafiya, sai dai ba ta ihu. Rannan da kansa Baba ya ce in kai shi ɗaurin aure Daura, ya zauna a gaba yana ta duba allurar gudu.

Mako mai zuwa za mu yi maganar baƙin mai, me ya sa 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota bai dace da irin wannan injin ba. Mai tambaya ya turo. A tuƙa a hankali, akwai masu jiran mu a gida. Sai mun haɗu, wassalam.