IDAN KAYAN DA KA SAYAR TA WAYA SUKA DAWO MAKA

Jawabin Sakataren Ƙungiya a taron wata-wata, Katako, Jos





Maganar da za mu yi yau ta ciniki ce. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 mutanenmu da yawa suka rasa rumfa, wasu suka dawo nan Katako, wasu bakin titi, wasu cikin gida. Yanzu kuma waya ta zama rumfa. Matan aurenmu da 'ya'yanmu suna ɗora hoton kaya a WhatsApp da Facebook, mai saye yana Kaduna ko Abuja ko Legas, ya turo kuɗi, a aika masa. Alhamdu lillahi, ana samu. Sai dai akwai ranar da kayan ba sa isa, su yi yawonsu su dawo wa wanda ya aika, kuma a wannan rana ne ake ɓatawa.

Bari mu fara da wata matsala da aka kawo ofishinmu, ba tare da kama suna ba. Wata baiwar Allah a nan Laranto tana sarar rigunan sanyi na gwanjo, ta wanke ta goge ta sa a waya. Wata mata a Kaduna ta zaɓi guda shida, ta turo naira 42,000 da kuma 4,000 na mota. Mai sayarwa ta ba ɗanta ya kai wani kamfanin kai saƙo. Bayan kwana tara sai aka kira ta, wai ta zo ta ɗauki kayanta, ba a sami mai karɓa ba. Ita kuwa ta riga ta zuba kuɗin a sabuwar dila. Ta Kaduna ta ce a dawo mata da kuɗinta cas, har da na mota, in ba haka ba za ta baza hotonta a intanet ta ce 'yar damfara ce. Maigidan mai sayarwa kuma ya ce ciniki ya faɗa tun ranar da kaya suka bar hannunsu, ba sisin da zai fita.

Da muka ce a kawo mana rasit, ko minti biyu ba mu yi ba muka ga inda gizo ke saƙar. Lambar wayar da aka rubuta guda goma ce, alhali lambar waya a Najeriya sha ɗaya ce. Matar Kaduna ta faɗi lambarta daidai, amma a saƙon murya ta faɗa, yaro kuma da yake kwafewa ya tsallake ɗaya. Ɗan aike ya je unguwar, gida ba lamba, waya ba ta shiga, ya juya. Kwana tara na zagi da kuka da rashin barci, kan lamba ɗaya.

Abu na farko da muke so kowa ya riƙe shi ne, kuɗi da kaya ba sa kwana a hannu ɗaya. In an biya ka, kaya suka dawo, to ba naka ba ne, amana ce a hannunka har sai kun daidaita. Kada ka sayar wa wani, kada ka yi shiru kana jira mai su ya manta. A ranar da suka dawo, a ranar za ka sanar da shi, kuma a rubuce, ko da kun yi magana da baki. Mun lura yawancin rigimar ba dawowar kaya ke jawo ta ba. Shirun mai sayarwa ne, wanda sau da yawa kunya ce ko rashin kuɗin mayarwa, amma wanda ke can nesa ba abin da zai fassara shi da shi sai cuta.

Kafin ka karɓi ƙunshin daga kamfani ko direba, duba shi da kyau. An yage ledar? An sake ɗaurin? Ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ka buɗe a gaban wanda ya ba ka, in da hali wani na ɗaukar bidiyo. Sannan ka nemi a rubuta maka dalilin da ya sa aka dawo da shi, da ranar da aka je, da ko sau nawa aka kira. In ka sa hannu ka tafi gida ka tarar riga shida ta koma huɗu, ba wanda zai saurare ka.

Wannan dalili da aka rubuta shi ne zai nuna wanda zai biya kuɗin mota na biyu. In kuskuren daga gare ka ne, kamar na 'yar'uwarmu ta Laranto, kai za ka sake aikawa da kuɗinka, ko ka mayar wa mutum kuɗinsa duka har da na mota, kuma shi ke da zaɓi. Haka aka yi a wannan magana: mun kira ta Kaduna, muka karanta mata abin da ke rasit, aka ba ta haƙuri, maigida ya biya na mota, kaya suka isa. Har yanzu suna ciniki.

In kuwa mai saye ne ya ba da adireshin da ba daidai ba, ko ya kashe waya, ko ya yi tafiya bai bar sallahu ba, ko kawai ya canza ra'ayi, to ba za a ɗora maka asarar ba. Dokar saye da sayarwa ta 1893 da Najeriya ta gada daga Ingila ta ce wanda ya ƙi karɓar kayansa ko ya yi sakaci, shi ke ɗaukar asarar da hakan ya jawo, har da kuɗin ajiya daidai gwargwado. Haka nan dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, a sashe na 120 ta ba mai saye damar fasa odar da ya yi, amma ta yarda mai sayarwa ya cire wani abu da hankali zai ɗauka. Ma'ana, ka cire abin da ka kashe a mota da ajiya, ka nuna masa rasit, ka mayar masa da sauran. Masu rubuta "ba a mayar da kuɗi" a ƙarƙashin hoton kayansu su sani wannan rubutu ba zai kare su ba ranar da kaya da kuɗin duka ke hannunsu. Malamanmu ma suna nan, sun san babin warware ciniki da yardar juna, wato iƙala, da falalar wanda ya amince wa ɗan'uwansa da ya yi nadama.

Saura na uku, in laifin na mai kai saƙon ne. A nan wanda ya biya shi kuma yake riƙe da rasit shi zai bi shi, galibi mai sayarwa ke nan. Ba daidai ba ne ka ce wa mai saye "je ka nemi kamfani", shi da bai taɓa ganinsu ba. Kamfanonin kai saƙo gidan waya na ƙasa, wato NIPOST, ke ba su lasisi, don haka tambayar lasisi kafin ka miƙa kaya masu tsada ba raini ba ne. Mun san da yawanmu tasha muke kaiwa, a ba direba, don ya fi sauƙi da sauri. Ba laifi, amma a bi ta ofishin ƙungiyar direbobi a rubuta, a karɓi takarda mai lambar mota da lambar direba. Wanda ya tare mota a bakin titi ya miƙa kaya, in suka dawo ko suka ɓata, Allah kaɗai ne shaidarsa.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba, mu mutanen Jos mun san shi fiye da kowa. A watan Agusta na 2021 an sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa, ba mota, ba ɗan aike. Kuma tun bayan rikicin 2001 akwai unguwannin da wani ɗan aiken ke ɗari-ɗarin shiga, ta ɓangarenmu da ta ɓangaren maƙwabtanmu. Idan mu ne masu saye, kuma mun san gidanmu a lungu yake a Gangare ko Rikkos ko Unguwar Rogo, gara mu ce a ajiye a ofishin kamfanin mu je mu ɗauka, ko mu ba da sanannen wuri a bakin titi da lambar waya biyu. In irin wannan lalura ta dawo da kaya, shawararmu a raba kuɗin mota biyu.

Masu aika dankalin Turawa da kabeji da tumatir daga Farin Gada, taku ta bambanta, don kayanku ba sa jiran sulhu. In suka dawo, ku ɗauki hoto, ku sanar da mai saye, ku sayar nan take a gaban shaida, ku rubuta abin da aka samu, a yi lissafi daga baya.

Gargaɗi ɗaya game da mayar da kuɗi: ta asusun da suka fito za su koma, da sunan wanda ya turo. Duk wanda ya kira ya ce shi ɗan'uwan mai kaya ne, a tura wani asusun, kada a tura. Haka saƙon da zai shigo waya wai kayanka sun maƙale, ka danna nan ka biya ko ka faɗi lambar katinka. Ɗauki rasit ka tafi ofishin da ƙafarka.

In sulhu ya gagara, ku fara zuwa nan ofishin ƙungiya. Daga nan akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975, wadda ba a biyan ko kwabo a kai mata kuka, sannan akwai kotu. Amma bashin ciniki ba aikin 'yan sanda ba ne, kada a tsorata ku da su, ku ma kada ku tsorata wani. Ko'ina kuka je abu uku za a tambaya: rasit, shaidar turo kuɗi, da hirar da kuka yi a waya. Kada fushi ya sa a goge hira.

Mu da muka koyi biyan baƙi da girmanmu a ajin yaƙi da jahilci ba za mu yi wa yaron can dariya ba, don mun san yadda lamba ke ɓacewa tsakanin kunne da alƙalami. Saboda haka mun roƙi malaman ajin manya, na maza da na mata, su ware darasin mako mai zuwa don koyon rubuta adireshi da lambar waya da karanta rasit. Duk mai sayarwa ta waya ya zo da tsohon rasit ɗinsa ko guda ɗaya ne, da biro. Waɗanda kayansu suka dawo kuma ba a daidaita ba, su tsaya bayan addu'a mu rubuta sunayensu.