Kururuwar Gobara da Amanar Jama'a a Ƙasar Gumel



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen gobara. Amsar ita ce, kafin a kai ga ruwa ko motar 'yan kwana-kwana, sai an fara da magana, watau sai wani ya ɗaga murya ya ce wuta ta kama, jama'a kuma sun gaskata shi. A kan wannan murya zan yi bayani, zan kuwa ɗauki misali da ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Bahaushe ya bambanta kiraye-kirayensa tun fil'azal. Shela ta sarki ce, mai shela ke yin ta. Gangami kuwa na tara jama'a ne domin wani babban al'amari. Amma kururuwa ta kowa ce, mace ko namiji, yaro ko babba, sharaɗinta ɗaya ne kawai: kada a yi ta sai da dalili. A ƙauyen da gidaje suke na danga da zana da jinka, ga rumbuna cike da gero, ga iskar hunturu tana kaɗawa, tsakanin tashin wuta da cinye unguwa ɗan lokaci ne ƙalilan. Saboda haka wanda ya ji kururuwa ba ya tsayawa tambaya, sai ya ɗauki tulu ko bokiti ya fita. Wanda kuwa ya tara mutane a banza, mai unguwa ko dagaci zai ja masa kunne, kunyar da zai sha a gari ma ta ishe shi horo.

To, zamani ya kawo na'urar da ke shinshino hayaƙi ta buga ƙararrawa da kanta. Amfaninta a fili yake, domin ba ta barci. Aibinta shi ne ba ta san bambancin gobara da ƙura ko hayaƙin girki ba. Lokacin da nake karatu a Ingila, ƙararrawar gidan kwananmu takan tashe mu da tsakar dare saboda wani ya ƙona burodi. Da farko kowa yakan fito cikin sanyi, amma kafin shekara ta ƙare sai na ga wasu suna gyara kwanciya. Wannan shi ne babban haɗarin kiran ƙarya: yana kashe amana, ranar da wutar gaske ta zo sai a rasa mai fita.

Hukumomin can sun ɗauki mataki. Dokar da aka yi a Ingila a 2011 ta ba 'yan kwana-kwana ikon cajin kuɗi daga masu gine-ginen da ƙararrawarsu ke yawan kiran banza. A Oktoban 2024 kuma, 'yan kwana-kwanan Landan suka daina amsa ƙararrawar yawancin ofisoshi da shaguna da rana, sai in wani mutum ya tabbatar da ganin wuta. Ashe ke nan an koma ga abin da kakanninmu suka sani, cewa shaidar ɗan Adam ita ce ginshiƙi.

Mu dawo gida. Kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, tana tara fatake da dabbobi daga Nijeriya da Nijar, ga rumfuna da ciyawa da man fetur kusa da juna. A irin wannan wuri ihun ƙarya kaɗai yana iya jawo turereniya, a tattake mutane, ɓarayi su yi awon gaba da dukiya. Jinkirin kiran gaskiya kuma shi ne ihu bayan hari. Mun ga ɓarnar da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi cikin dare a watan Maris na 2016. Mun kuma ga abin da ya faru a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, ranar 15 ga Oktoba, 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru, ta yi bindiga, aka rasa rayuka fiye da 150. Allah ya jiƙansu. Darasin shi ne, akwai kiran da ke nufin a zo a taimaka, akwai wanda ke nufin a nisanta, wajibi ne jama'a su san bambancinsu.

Tsarin mulki na 1999 ya danƙa kula da kasuwanni da tashoshin mota a hannun ƙananan hukumomi, don haka majalisun nan huɗu suna da hurumin yin dokar cikin gida. Ina ba da shawarar dokar ta ƙunshi abu uku. Na farko, a tsayar da sauti guda na gobara, jiniya ko lasifika, a danƙa shi ga sarkin kasuwa da masu gadi. Na biyu, duk ofis ko makarantar kwana da ta saka na'ura, a wajabta mata duba ta da kakkaɓe ƙura, musamman da hunturu. Na uku, a hukunta mai kiran ƙarya da gangan, amma kada a taɓa wanda ya ga hayaƙi ya yi kuskure da kyakkyawar niyya, domin in aka ci shi tara, gobe maƙwabcinsa zai ga wuta ya yi shiru.

Ku ma'aikata, ku za ku rubuta wannan doka. Ina roƙon ku rubuta ta da Hausar da mai rumfa zai fahimta, a kuma yi shelarta ranar kasuwa.