Komawa Makaranta: A Gyara Barci Kafin A Ɗinka Yunifom

  Ina miƙa gaisuwa ga masu bibiyarmu na cikin garin Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da 'Yankwashi, da 'yan'uwanmu na Babura, da ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu da ke saurarenmu. Allah Ya bar zumunci.

To, Satumba ya kama, dogon hutu ya ƙare. Duk shagon telan da ka leƙa za ka tarar da yadin yunifom jibge, kowane mai gida yana ta lissafi: takalmi, jaka, littattafai, kuɗin makaranta, kuɗin mashin. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda wannan lissafi ya ƙara nauyi. Amma akwai wani shiri da ba a saye a kasuwa, ba ya cin ko sisi, kuma shi muka fi mantawa da shi. Shirin jiki ke nan, jikin yaron da zai saka yunifom ɗin, da jikin uwa da uban da za su riƙa tashinsa kowace safiya har ƙarshen zango. A kan wannan nake son mu tattauna yau.

Bari mu fara da barci, domin shi ne tushe. Likitocin da suka ƙware a harkar barci a Amurka sun fitar da ƙa'ida a 2016, suka ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a rana, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. To mu ɗauko wannan mu ɗora a kan gidajenmu. A wannan lokacin, wajen ƙarfe 5 da 'yan mintuna ake sallar asuba. Daga nan wasu yaran su wuce makarantar allo, su dawo su yi wanka, su kama hanyar boko. A taso bayan azahar, a ci abinci, da la'asar a tafi Islamiyya, sai dab da magariba a dawo. Wasu kuma akwai karatun dare. Idan yaro zai tashi ƙarfe 5:15, kuma yana buƙatar awa 9 mafi ƙaranci, ka lissafa da kanka: ya kamata a ce ƙarfe 8:15 na dare ya yi barci. Wato ana idar da sallar isha'i, ya ci tuwo, sai shimfiɗa.

Tsakani da Allah, gida nawa ake yin haka? Galibi lokacin ne ma hira ta yi daɗi. In an kawo wuta a kunna kallo, in ba a kawo ba a taru a kan wayar Anti ana kallon fim mai dogon zango, ko a fita ƙofar gida wasa har ƙarfe 11. Yaron da ya kwanta 11 ya tashi 5, awa 6 ya samu. Ya ci bashin awa 3 a dare ɗaya, daga Litinin zuwa Juma'a bashin ya kai awa 15. Ina zai biya? A aji zai biya, a kan benci, lokacin da malami yake koyar da lissafi. Sai a ce yaro ba ya ja, a kira shi daƙiƙi, wani lokacin har da bulala. Alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, barci ne bai ishe ta ba. Ai cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, har da haddar da ya biya wa malam.

Ba na cewa a rage Islamiyya ko a hana yaro asuba, a'a. Abin da nake cewa shi ne a ja daren baya. Kuma ba a rana ɗaya ake yi ba. Yaron da ya saba kwanciya 11 duk tsawon hutu, in ka tura shi ɗaki ƙarfe 8:30 juyi kawai zai yi ta yi. A riƙa rage minti 15 ko 20 kowane dare, cikin kwana goma an kai inda ake so. Abincin dare ya sauka da wuri. Waya ta bar hannun yara awa ɗaya kafin kwanciya. In da hali, a bar yaro ya ɗan kishingiɗa tsakanin tasowa daga boko da tafiya Islamiyya, ko da na minti 30 ne, maimakon a tarbe shi da aike tun daga zaure.

Kai kuma babban yaya, ke kuma Anti, wannan maganar da ku nake. Ba zai yiwu kana kwance kana kallon TikTok da ƙarar sauti a ɗaki ɗaya da ƙanenka, sannan ka ce masa ya rufe ido ba. Abin da babba ya yi, shi ƙarami yake kwaikwayo.

Na biyu, karin kumallo. Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba sai shayi da burodi da ƙwai ba, kar kowa ya takura wa kansa. Ɗumamen tuwo da miyar kuka abinci ne mai riƙe ciki. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗanwake, duk namu ne, kuma wake da gyaɗa suna gina jiki. Ga shi kaka ta ƙarato, sabon gero ya fara shigowa. Abin da ya fi damuna shi ne a miƙa wa yaro kuɗin tara a ce ya saya a can, da cikinsa wayam. Kun san me zai saya: alawa da ruwan leda mai zaƙi. Kafin ƙarfe 11 yunwa ta dawo. Ko rabin kofin kunu ne, ya sha kafin ya fita. A ba shi gorar ruwa mai tsabta daga gida, a koya masa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayi. Wannan kaɗai yana rage gudawa ƙwarai.

Na uku, zazzaɓin cizon sauro. Komawa makaranta a wajenmu tana faɗowa daidai ƙarshen damina, lokacin da kududdufai suka cika, sauro ya yi yawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Najeriya suke. Ga wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: maganin rigakafin da ma'aikata ke bi gida-gida suna rabawa duk wata da damina, na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ne. Ɗan firamare ya wuce wannan layin. Kariyarsa ita ce gidan sauro. A duba shi yau, in ya yage a ɗinke, a riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. In jikin yaro ya yi zafi, kar a tsaya canki-canki a kemis, a kai shi asibiti a yi gwaji. In aka rubuta magani na kwana 3, a shanye shi duka, ko da yaro ya warware tun rana ta biyu. Barin magani a rabi shi ke sa zazzaɓi ya dawo, yaro ya sake rasa mako guda na karatu.

Sannan yaranmu maza masu zuwa wanka dam da kududdufi bayan an tashi, a ja musu kunne. Ban da haɗarin nutsewa, a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya. Duk yaron da ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa, kar ya ɓoye don kunya. Cuta ce, kuma tana da magani a asibiti.

Yanzu bari in juyo kan iyaye, musamman uwa. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ta hura wuta, ta dama koko, ta yi wa ƙanana wanka, ta nemo takalmin da ya ɓata, wataƙila ga goyo, ga sana'ar hannu. Sau da yawa sai kowa ya fice za ta tuna ba ta sa komai a bakinta ba. Hajiya, Umma, 'yar'uwa, in kika kwanta ciwo gidan gaba ɗaya ya tsaya. Ki ci abinci tare da yaran. Abin da za a iya yi da dare a yi shi da dare: a goge yunifom, a haɗa jaka, a tara ruwa, a jiƙa gero. A raba aikin, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan shekara 8 zai iya wanke safarsa ya haɗa littattafansa. Kuma kar aikin ya tare a kan 'ya mace ita kaɗai, ita ma ajin za ta shiga, ita ma barcin take buƙata.

Mai gida, kai ma jikinka yana da haƙƙi a kanka. Tunanin kuɗin makaranta yana hana barci, na sani. Ka zauna da uwargida ku rubuta abin da ya zama dole a wannan makon da abin da zai iya jira har a sayar da amfanin gona. Jakar bara in ba ta yage ba, ta isa. Kar ka ci bashi don gasa da maƙwabci. In ka haura shekara 40, ka riƙa auna jininka lokaci-lokaci, domin hawan jini yakan daɗe a jiki bai nuna alama ba.

Abu na ƙarshe, a saurari yara. Wanda zai shiga aji ɗaya na firamare, da wadda za a kai makarantar kwana karon farko, akwai fargaba a ransu ko ba su furta ba. In ka ce "ya makaranta?" amsar ɗaya ce, "lafiya lau". Gwada tambayarsa da wa ya zauna yau, me malam ya koyar, akwai wanda ya dame shi? Yaron da kullum da safe yake kukan ciwon ciki amma ranar Asabar garau yake, a bincika, wataƙila wani abu ne yake tsoro a makaranta.

Don haka daga daren yau, kowane gida ya tsayar da lokacin kwanciya, a rataya gidan sauro, a tanadi abin karyawa tun da dare. Wanda ya saurara ya isar wa wanda bai ji ba, musamman yayyenmu masu ƙananan yara. Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya ba iyaye lafiya da abin ɗawainiya, Ya sa a gama zango lafiya. Sai mun haɗu a kashi na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.