Jawabi Kan Albashin Manajojin Gini a Arewa

Yau maganarmu kan manajan aikin gini ce, watau mutumin da ɗan kwangila kan ɗora bisa helma da birkiloli da leburori, a Kano ko Kaduna. Mukan gan shi da hular kwano mu ce ai wannan ya haye. To, mu yi lissafi.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Cikin Fabrairu 2024 buhun siminti ya kai naira 10,000 a wurare da dama. In haka ta faru, ɗan kwangila kan nemi a ƙara masa kuɗin kwangila. Manaja fa? Cikin Yuli 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma na ƙasa kurum dokar ta ɗaga. Wanda ke sama da haka, sai abin da maigida ya ga dama. Alhali mudun masara bai san manaja ba, mai gidan haya ma haka.

Ku tuna, mabuɗin sito a hannunsa yake. In matsi ya sa ya rage siminti ko rodi, wa ginin zai faɗa wa? 'Ya'yanmu ke cikin ajin. Yawancinsu masu amana ne, amma bai kamata a riƙa gwada amana da yunwa ba.

Abin da muke nema ɗaya ne: duk ran da aka ƙara wa ɗan kwangila kuɗi sabili da tsada, a ƙara wa manaja da ma'aikatansa daidai gwargwado, a kuwa rubuta haka cikin takardar kwangila. Allah ya sa mu dace.