SARƘAR DA BA A GANI: DAGA GONAR KOKO ZUWA TEBURIN MAI SHAYI

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwa matasa ya gabatar a zaman tattaunawa da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Mun kawo shi kamar yadda ya gabatar. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa.

Malamaina, iyayena, da 'yan'uwana matasa, ni ba malami ba ne, ɗalibi ne. An dai ɗora mini in ce wani abu game da aikin tilas da fataucin mutane a cikin harkar kasuwanci, da yadda za a yi rigakafinsu. In na yi kuskure a gyara mini.

Bari mu fara daga teburin mai shayi, tunda duk mun san shi. Ka zauna da safe, ka ce a haɗa maka mai kauri, a zuba garin cakulan. Wannan garin daga koko ake yin sa. Ba kokon gero da muke sha da ƙosai ba, a'a, 'ya'yan wata bishiya ce da ke fitowa a kurmi. Kafin garin ya iso kofinka ya bi hannuwa da yawa: wanda ya sare kwalfar da adda, wanda ya fasa ta, wanda ya shanya, mai babur ɗin da ke bi ƙauye-ƙauye yana saye, dillalin gari, mai fitarwa ta jirgin ruwa, masana'anta, ɗan sari, sannan mai shayi. Wannan jerin hannuwan shi zan riƙa kira sarƙa. To, tambayar da na zo da ita yau ita ce: wancan hannun na farko, da yardar mai shi ya yi aikin, ko kuwa dole aka yi masa?

MENE NE AIKIN TILAS?

'Yan'uwa, da yawanmu in aka ce bauta, sai mu tuna mari a ƙafa da kasuwar bayi, mu ce ai wannan ya wuce. Marin ƙarfe ya wuce, amma aikinsa bai wuce ba. Tun 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fayyace aikin tilas da cewa shi ne duk aikin da aka sa mutum da barazana, alhali bai ba da kansa bisa yarda ba. Wato ba wahalar aiki ake magana ba, ba kuma ƙarancin albashi kawai ba. Abin dubawa shi ne: in ya ce ya fasa, zai iya ɗaukar jakarsa ya tafi?

A ƙiyasin da ƙungiyar ta fitar a 2022, mutum miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali a duniya, sama da miliyan 3 daga cikinsu yara ne. A 2024 kuma ta ƙiyasta haramtacciyar ribar da ake ci daga guminsu da dala biliyan 236 a kowace shekara. Ka ga ashe ba ɓarnar wasu 'yan tsirarun miyagu ba ce, kasuwa ce mai zaman kanta.

LABARIN KOKO

Fiye da rabin kokon duniya daga ƙasashe biyu yake fitowa, Kwaddibuwa da Gana. A 2000 da 2001 'yan jarida na Ingila da Amurka suka fallasa yadda ake yaudarar yara daga Mali da Burkina Faso da alkawarin aiki mai tsoka, a tsallaka da su iyaka, a miƙa su ga masu gonakin koko a Kwaddibuwa, su yi ta aiki babu biya. Duniya ta ɗauki zafi. Majalisar Wakilan Amurka ta goyi bayan a riƙa manna wa cakulan shaidar cewa babu gumin bawa a cikinsa. Ganin haka sai manyan kamfanonin suka yi maza suka nemi sulhu, suka ce a bar maganar doka, su da kansu za su gyara. A watan Satumba na 2001 aka sa hannu a yarjejeniyar da ake kira Harkin da Engel, sunayen 'yan majalisa biyun da suka jagorance ta, aka sa 2005 a matsayin wa'adi.

2005 ta zo, ba a cika ba. Aka ɗaga zuwa 2008, aka sake ɗagawa zuwa 2010. A 2010 sai aka rage buri, aka ce zuwa 2020 za a rage mafi munin aikin yara da kashi 70 cikin 100. Da 2020 ta zo, binciken da wata cibiya ta Jami'ar Chicago ta yi da kuɗin gwamnatin Amurka ya nuna yara miliyan 1.56 na aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin koko na ƙasashen biyu, mafi yawansu da adda, da kaya masu nauyi, da maganin feshi. An ce alkawari kaya ne, amma wannan kayan shekara 19 ana sauke shi a hanya.

A nan wajibi ne in yi adalci. Mafi yawan waɗannan yara a gonakin iyayensu suke, ba sayo su aka yi ba. Waɗanda aka yi fataucinsu kaɗan ne a cikin adadin. Sai dai tushen abin guda ne. Abin da ke isa hannun manomi bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ake sayen cakulan a kanti ba. Manomin da ba zai iya biyan baligi ba, ko dai ya cire ɗansa daga makaranta, ko ya nemi ɗan wani wanda ba shi da gata. Shi ya sa a 2019 ƙasashen biyu suka haɗa kai suka ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan don manomi ya ɗan numfasa.

Akwai wasu 'yan Mali shida da suka kai ƙarar kamfanonin Nestlé da Cargill a Amurka, shari'ar da ta faro tun 2005. Sun ce suna yara aka kai su gonakin, ana kulle su da dare, ana dukan wanda ya yi yunƙurin gudu, kuma kamfanonin na sayen koko daga irin waɗannan gonaki. Kamfanonin sun musanta laifi. A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai takwas cikin tara, ta ce ba za a ci gaba da ƙarar a ƙarƙashin dokar da suka dogara da ita ba, saboda abin a wata ƙasa ya faru. Ku lura, 'yan'uwa, kotun ba ta ce ƙarya suke yi ba, cewa ta yi ba nan ne wurin ba. Wannan shi ne amfanin doguwar sarƙa ga mai kuɗi: riba ta hau sama ta same shi, alhaki kuwa ya tsaya a ƙasa, kowane hannu ya ce ni saye kawai na yi. Mu kuwa Hausawa mun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

INDA AKA YI NASARA

Kada wani ya ce ashe abin ba ya gyaruwa. Ga misali daga wata gona daban, gonar auduga a Uzbekistan, ƙasar da garin Bukhara yake. Shekara da shekaru gwamnatin can tana tilasta wa ɗalibai da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, sama da mutum miliyan ɗaya, su fita tsinkar auduga duk kaka. Sai kamfanonin tufafi sama da 300 suka yi alkawarin ba za su sayi audugar ba. Bayan canjin shugabanci a 2016, gwamnati ta bar masu sa ido daga waje suna shiga gonaki, ta ƙara kuɗin tsinka, ta fara hukunta jami'an da ke tilasta wa mutane. A watan Maris na 2022 aka janye ƙauracewar, bayan an tabbatar tilascin da hukuma ke shiryawa ya kau.

Mene ne bambanci? A koko, wanda ake zargi shi ya yi wa kansa alkawari, shi ke duba kansa, kuma in ya saɓa ba abin da zai rasa. A auduga kuwa ciniki ne ya tsaya, kuma wani ne daban ke dubawa. Da alama duniya ta fara fahimtar haka, don a 2024 Tarayyar Turai ta yi dokar hana sayar da duk kayan da aka yi da aikin tilas a kasuwanninta, wadda za ta fara aiki a ƙarshen 2027.

MU DAWO GIDA

To, 'yan'uwa, yana da sauƙi mu zauna a nan mu yi ta la'antar kamfanonin Turawa, mu tashi muna jin mun yi wani abu. Amma da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya je tashar mota a Mali ya yaudari yaro ba Bature ba ne, mai jin yarensa ne, wataƙila ma sahu ɗaya suke sallah.

A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka kuɓutar da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano. Ma'aikatan sun ce tun ƙarshen Maris, lokacin kullen korona, aka hana su fita, aka yi musu alkawarin ɗan ƙarin kuɗi, wanda ya ƙi kuma a kore shi. Wannan shinkafar wa ya ci? Ba a Turai aka dafa ta ba.

Kuma duk mun san dillaliyar da ke kawo 'yan aikatau daga ƙauye, albashin ya bi ta hannunta, yarinyar ba ta taɓa ganin ko kwabo ba. Mun san ejan ɗin da ke cewa zai kai ka aiki ƙasashen Larabawa, ya ɗora maka bashin biza da jirgi, kana sauka a karɓe fasfonka. Akwai abokina da muka yi Islamiyya tare, wani ya kai shi wurin haƙar zinariya a daji. Kuɗin mota bashi, abinci bashi, hatta diga da shebur bashi. Wata bakwai yana haƙa, duk ranar lissafi sai a ce shi ake bi. Da dare ya gudo, ko takalmi babu. Da na ce masa ai bautar da kai aka yi, sai ya ce, “A'a, Malam, ai bashi ne.” Kun ji yadda marin zamani yake: wanda aka ɗaure ma bai san an ɗaure shi ba.

Dokoki kuwa akwai su. Sashe na 34 na tsarin mulkin Nijeriya ya haramta bauta da aikin tilas. An kafa hukumar NAPTIP tun 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Jamhuriyar Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da sabuwar yarjejeniyar ILO ta 2014 kan aikin tilas, a 2015. Tun kafin wannan duka, mun karanta a Islamiyya cewa cin kuɗin mutum ɗa da aka sayar, da sa mutum aiki a hana shi ladansa, suna cikin laifukan da aka yi wa kashedi mafi tsanani. Ba doka muka rasa ba, mai tambaya muka rasa.

ABIN YI

Ga kai mai neman aiki, kafin ka hau mota ka yi tambaya huɗu. Nawa ne ladan, yaushe ake biya, kuma a hannun wa? Akwai bashin da za a ɗora mini kafin in fara? Takarduna da wayata a hannun wa za su zauna? In na ce na fasa, zan iya tafiya? A rubuta amsar a gaban shaidu, ka bar kwafi a gida, ka bar adireshin inda za ka. Ƙa'idar da ILO ta tsaya a kai ita ce mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci, ba ma'aikacin ba. Duk wanda ya ce ka biya kafin ka samu aiki, ka yi hattara, kada ka yi wa rogo kallon kitse.

Ga kai mai shago, ko gidan burodi, ko gidan bulo, ko gona: ka biya yaronka a hannunsa, a kan lokaci, ka rubuta. Kada ka riƙe albashin wata uku wai don kada ya gudu, wannan riƙon shi ne marin. In ɗan koyo ne, a faɗi shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi tun ranar farko. In ka ba ɗan kwangila aiki, ka je da ƙafarka ka tambayi leburorin ko an biya su, ba a gaban ubangidansu ba.

Ga kai ɗan sari: in ka ga kaya sun yi arahar da hankali ba zai ɗauka ba, ka tambayi dalili. Wani lokaci ragin da aka yi maka, daga cikin wani aka yanko shi. In ka gano zalunci ka yi magana, in ba a gyara ba ka canja wurin saye, kuma ka gaya wa 'yan ƙungiyarku. Mutum ɗaya in ya daina saye ba a ji, amma layi guda na kasuwa in ya daina, sai an ji. Darasin auduga ke nan.

Wanda kuma ya san inda aka tsare wani, kada ya ɗauki doka a hannunsa, ya sanar da NAPTIP ko 'yan sanda, ya tafi da dattawan unguwa don kada maganar ta shiririce.

'Yan'uwa, ban ce ku daina shan shayi ba. Cewa na yi kowannenmu zobe ne a wata sarƙa, kuma zoben da ke hannunka shi za a tambaye ka. Gobe in ka buɗe shago, ka fara da yaron da ke share maka ƙofa: yaushe rabon da ka biya shi?

Allah Ya tsare mu daga cin gumin wani, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne.