Jiran Izinin Aiki a Ƙasar Waje: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya

 

An ɗora mana yin magana a kan wani al'amari da ya yawaita a cikin koke-koken da ke zuwa gaban ƙungiya, wato jiran da ƙannenmu da 'ya'yanmu masu ilimin sana'a, musamman likitoci da ma'aikatan jinya, suke yi kafin su sami izinin aiki a ƙasar waje. Ba mu tsaya nan don mu zuga kowa ya tafi ba. Duk wanda ya kwana jinya a Babban Asibitin Katsina ya san yadda muke bukatarsu a gida. To, amma wanda ya riga ya ɗaura niyya, haƙƙinsa ne a kanmu mu gaya masa gaskiya.

Bari mu ɗauki Ingila, inda tambaya ta fi yawa. A ƙarƙashin tsarin ƙwararrun ma'aikata da ta fara a watan Disamba 2020, hukuma kan yanke hukunci a cikin mako 3 ga wanda ya nema daga waje. Wannan mako 3 shi ne ke ruɗin yaranmu. Ba a fara ƙirga shi sai an gama tantance mutum ya miƙa takardunsa, alhali kowace takarda da nata wa'adin. Shaidar gwajin tarin fuka, wanda dole sai Bakatsine ya bar gida ya je inda aka amince a yi shi, kamar Abuja ko Legas, wata 6 take yi ta mutu. Sakamakon jarrabawar Turanci shekara 2. Takardar ɗaukar nauyi daga wurin aiki kuwa, in ba a yi amfani da ita a cikin wata 3 ba, ta tashi a banza. Saboda haka sai ka iske yaro ya yi gaggawar gwaji, ya zauna jiran wata takardar, kafin ta iso ta farko ta mutu, ya sake biyan kuɗin mota da masauki.

Jinkiri mafi tsawo kuwa sau da yawa a nan gida yake. A shekarar 2024 hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Nijeriya ta fito da ƙa'idar cewa tantance takardun mai son fita zai ɗauki aƙalla wata 6, kuma sai ya yi shekara 2 yana aiki, har ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Can ma doka ba ta jiran kowa. A watan Maris 2024 Ingila ta hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a watan Yuli 2025 kuma ta rufe ɗaukarsu daga waje baki ɗaya. Duk wanda ya ce zai sama wa ɗanka wannan aikin yanzu, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne wani yaro da ya ajiye aikinsa, mahaifinsa ya sayar da gonar gado aka ba dillali, ga shi har yau yana zaune a zaure. Takardar ɗaukar nauyi ba ta sayarwa ba ce. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ke biyan kuɗinta.

Roƙonmu ga 'yan uwa mazauna birane biyu ne. Mazauna Abuja da Legas su buɗe wa yaran nan ƙofa in sun zo gwaji ko tantancewa. Likitocinmu da lauyoyinmu kuma su ware lokaci su duba takardar duk wanda ya kawo, tun kafin ya ajiye aiki ko a taɓa gona. Mai son ba da sunansa ya ga sakatare bayan an tashi.